Kwana Biyu a Bakin Tafkin Bosomtwe: Ina Mai Iyali Zai Yada Zango?

Shekara 19 ke nan ina kasuwanci a Kumasi. Na san kowace kwana ta Kejetia, na san lokacin da motocin Bawku ke isowa da albasa, na san ranar da sidi ya faɗi tun kafin a faɗa a rediyo. Amma Tafkin Bosomtwe, wanda bai wuce kimanin kilomita 30 daga shagona ba, ban taɓa saka ƙafata a bakinsa ba sai bana. Na tabbata da yawa daga cikin masu karanta wannan, 'yan Aboabo da Asawase da Alabar da Sabon Zango, haka suke. Mu dai daga gida sai kasuwa, daga kasuwa sai masallaci, in an samu tafiya kuma to biki ne ko ta'aziyya.

Autana ne ya tayar da maganar. 'Yan ajinsu sun je yawon buɗe ido can, shi kuwa zazzaɓi ya hana shi. Ya yi wata guda yana mita. Ƙanena da ke tuƙa Sprinter ya ce ai in za a je, a je a kwana, ya ga Turawa suna kafa tanti a bakin ruwan. Uwargida ta ajiye ludayi ta dube ni ta ce, "Alhaji, da ɗakinmu da gadonmu, mu je mu kwana a daji? Me ya yi zafi?"

Mahaifiyata ce ta raba gardamar. Tana zaune a kan tabarma tana jan carbi, ta ce, "Ke 'yar nan, unguwar da kike ciki me sunanta? Ba zango ba? To zango ai wurin kwanan matafiya ne. Kakan mijinki a ƙarƙashin itace ya riƙa kwana daga Kano har Salaga, da jakuna da kanwa, ya koma da goro. Ku kuma kwana biyu ya gagare ku?" Daga nan ba wanda ya ƙara magana.

Hajiya ta ƙara da abin da ta ji daga bakin manya. Madugu ba ya sauke ayari sai ya duba abu huɗu: akwai ruwa, ƙasar tana da tudu, akwai tsaro, sannan mai ƙasar ya yarda. Na ɗauka hirar tsofaffi ce. A daren farko na gane cewa da na riƙe na biyun da kyau, da ban kwana ina matse katifa ba. Zan zo kan wannan.

Hanyar zuwa

Daga cikin gari ana bin titin da ake kira Lake Road, a wuce Atonsu, a bi ta Aputuogya da Jachie har Kuntanase, hedikwatar gundumar Bosomtwe. Wanda ba shi da mota yana iya hawa trotro daga tashar Asafo zuwa Kuntanase, daga can ya ɗauki tasi zuwa Abono, ƙauyen da yawancin baƙi ke sauka. Tafiyar ba ta da nisa, cunkoson Atonsu ne ke cin lokaci, saboda haka a yi sammako.

Kuntanase ce wurin ƙarshe da za ka samu abin da ka manta cikin sauƙi. A nan muka ƙara ruwan leda da gawayi da biredi, muka cire tsabar kuɗi daga MoMo. A ƙasa ma ana karɓar MoMo a wurare da dama, sai dai sabis yana zuwa yana ɗaukewa, kuma mai sayar da kifi ba za ta jira ka kana ɗaga waya sama ba.

Bayan Kuntanase hanya takan hau tudu, sai kawai ka ga ƙasa ta buɗe a gabanka. Ruwa ne kewayayye a can ƙasa, duwatsu masu kore shar sun zagaye shi, kamar an zuba ruwa a cikin akushi. Yara suka yi ta ihu. Uwargida, wadda tun daga gida ba ta ce uffan ba, ta ce, "Subhanallahi." Daga nan sai gangara mai kwana-kwana. Direba ya sa mota a ƙaramar giya, kada ya dogara da birki kaɗai, musamman in motar tana da kaya. Mu mun ji warin birki kafin mu kai ƙasa, sai da muka tsaya ya huce.

Wane irin tafki ne

Masana sun ce wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya kimanin shekara miliyan 1.07 da suka wuce, ya haƙa rami mai faɗin kilomita 10.5, ruwan sama ya taru a ciki. Ruwan kansa faɗinsa kusan kilomita 8 ne, zurfinsa a tsakiya ya kusa mita 80. A 2004 masu bincike daga ƙasashe daban-daban sun haƙa ƙarƙashinsa don nazarin duwatsun, a 2016 kuma UNESCO ta saka shi cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu. Tafkin Volta da muka fi sani madatsar Akosombo ce ta haifar da shi. Wannan kuwa ba hannun ɗan Adam a ciki.

Abin da ya kamata mai kwana a wurin ya riƙe shi ne, tafkin ba shi da mafita. Babu kogin da ke fita daga cikinsa. Ruwan sama da ƙananan rafuka ke shiga, rana ce ke ɗauke abin da ta ɗauke. Duk ledar da ka yar a gangare, duk kumfar sabulu, duk baƙin man mota, cikinsa za su ƙare, kuma a nan za su zauna. Ƙauyuka fiye da 20 ne ke kewaye da shi suna cin kifinsa.

Su kuwa Asantawa, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa, suna da nasu labarin. Sun ce wani maharbi ne ya biyo gada da ya harba, ta faɗa cikin wani ɗan kududdufi ta ɓace, shi kuma ya zauna a wurin yana kamun kifi. Daga nan sunan ya fito: bosom a yarensu abin bauta ne, otwe kuma gada. A al'adarsu wuri ne mai tsarki, suna cewa rayukan matattu na biyowa ta nan su yi bankwana. Saboda haka tun da can ba a son ƙarfe ya taɓa ruwan, ba a kuma saka kwalekwale. Masunta suna hawa wani faffaɗan katako da suke kira padua, su zauna a kai ƙafafu cikin ruwa, su yi tuƙi da hannu ko da ɓallin ƙwarya. Yau akwai jiragen inji masu ɗaukar baƙi a Abono, amma har yanzu da asuba masunta a kan katakon nan za ka gani.

Wuraren da ake iya kwana

Kada wanda ya ga hotunan sansanonin Turai ya zo yana neman fili mai lamba, da soket na wuta da famfo a gefen kowace mota. Ba haka abin yake a nan ba. Abin da muka gani, muka kuma tambaya, ya kasu uku.

Na farko Abono kanta. Nan ne kwalta ta ƙare, nan ne ake samun masu soya kifi, da shaguna, da masu jirgi, da otal-otal masu fili a bakin ruwa. Amfaninta shi ne komai na kusa, kuma in wani abu ya faru da dare, mota na iya fita nan da nan. Illarta hayaniya. Ranar Asabar da Lahadi, da ranakun hutu irin su 6 ga Maris, Litinin ɗin Ista da 26 ga Disamba, matasa kan cika wurin da manyan lasifika da kwalabe. Mai mata da 'yan mata ba zai ji daɗin kafa tanti a nan a irin waɗannan ranaku ba. A mashigar garin kuma ana karɓar kuɗin shiga daga baƙi. Ka biya, ka nemi rasit.

Na biyu gidajen baƙi da ke warwatse a gefen tafkin, wajen ƙauyuka irin su Obo da Anyatiase, 'yan kilomitoci daga Abono ta hanyar burji. Wasu daga cikinsu suna da ciyawa da inuwar itatuwa har bakin ruwa, kuma suna barin mutum ya kafa tantinsa a harabar, ya yi amfani da banɗaki da wurin wanka, ya biya abin da bai kai kuɗin ɗaki ba. Akwai ma mai dawakai da ake hawa a zagaya gonaki. Ga mai iyali, wannan shi ne zaɓin da na fi ba da shawara. Akwai shinge, akwai maigadi, akwai wanda za ka ƙwanƙwasa wa ƙofa. Sai dai a kira kafin a taso, domin ba kowane gida ne ke karɓar masu tanti ba, kuma a tambayi waɗannan tun a waya: kuɗin na kowane mutum ne ko na kowane tanti? An yarda mu dafa namu abincin? Banɗaki nawa ne, kuma da wa za mu raba? Akwai karnuka a sake? Ana sayar da giya a harabar, kuma a wane gefe? Wannan tambaya ta ƙarshe ba abin kunya ba ce. Mu da muka yi ta, mai gidan da kansa ya nuna mana kusurwar da ta fi nisa da wurin shan.

Na uku filin ƙauye. Duk wani fili da ka gani a bakin tafkin, komai kamarsa da daji, yana da mai shi. Gonar koko ce ta wani, ko wurin shanya raga, ko wurin da ake girmamawa. Wanda ke son kwana a irin wannan wuri sai ya nemi odikro, wato mai garin, ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo shi. A al'adarsu baƙo yakan kai kwalbar giya ga sarki. Mu ba ma haka, su ma sun sani, sun daɗe da zama da Musulmi. Goro da ɗan abin hannu a ambulan sun wadatar. Wannan hanya ta fi arha, ta fi shiru, amma babu banɗaki na zamani, babu wuta, kuma da gari ya waye yaran ƙauye za su kewaye ku suna kallo. Ta dace da samari masu son zagaya tafkin da ƙafa, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 30, su kwana a hanya. Ban ga ta dace da mai jego ko tsohuwa ba.

Daren da na raina maganar Hajiya

Mu na biyun muka zaɓa. Muna isa, wani dattijo mai kula da harabar ya tarbe mu da "Akwaaba, Alhaji," ya nuna mana wani ɗan tudu kusa da gini, ya ce nan ya fi. Na dubi tudun, na dubi wani shimfiɗaɗɗen fili mai laushi dab da ruwa, inda iska ke kaɗawa. Na ce, "Nana, can muke so." Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dube ni, ya ce to. Ƙarshen watan Afrilu ne, damina ta fara, amma ranar sararin sama tas yake.

Muka kafa tantuna biyu da na saya wurin 'yan gwanjo, ɗaya na mata, ɗaya namu. Muka yi Magariba da Isha'i a kan tabarma, muka ci shinkafa da wake da soyayyar karfasa. Wajen ƙarfe 2 na dare iska ta taso, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tantin bai yi yoyo daga sama ba. Ta ƙasa ruwan ya zo. Abin da ban lissafa ba shi ne, duk ruwan da ya sauka a kan duwatsun nan masu tsawon fiye da mita 200 gangarowa yake yi zuwa tafki, kuma filin nan mai laushi da na zaɓa, laushinsa na yashin da ruwa ke ajiyewa ne. A kan hanyar ruwa muka kwanta.

Cikin minti kaɗan katifu suka jiƙe. 'Yata ta tsakiya tana da asma, sanyin ya tayar mata da ita, ga jakar maganinta tana iyo a cikin tanti. Ina riƙe da tocila da baki ina lalube cikin duhu, ina jin numfashinta yana fita da ƙyar. Allah Ya taimaka, abin shaƙar yana cikin leda, bai jiƙe ba. Muka kwashe yara zuwa cikin Sprinter, uwarta ta rungume ta ta lulluɓe da zane har numfashin ya daidaita. Ƙanena ya ce a tafi asibiti. Muka haska hanyar burjin da muka biyo, ta zama taɓo zalla, mota ba za ta hau ba. Da abin ya yi tsanani, ban san yadda za mu yi ba. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Da asuba dattijon nan ya zo da ruwan zafi a bokiti, bai ce mini komai ba. Ya taya mu ɗaukar tantunan zuwa tudun da ya nuna tun farko, ya ɗauko fartanya ya yi ɗan lambatu ta gefen sama don ruwa ya kauce. Uwargida ma ba ta ce komai ba, wanda ya fi mini zafi a kan ta yi magana. Na ce mu tattara mu koma. Ita ce ta ce, "A'a, Alhaji. Mun riga mun biya kuɗin jiƙa, sai mu ci ribar." Dare na biyu an sake ruwa, mu kuwa muka yi barci har aka kira mu salla da ƙararrawar waya.

Don haka ga abin da na koya da jikina. Ka kafa tanti a kan tudu, nesa da bakin ruwa. Ka dubi ƙasa: inda ka ga yashi mai santsi ko tarin busassun ganye a jere, hanyar ruwa ce. Ka shimfiɗa tampol a ƙarƙashi, ka naɗe gefensa ciki don kada ya tara ruwa. Kada ka kwanta ƙarƙashin kwakwa ko busasshen reshe. Ka duba ko akwai layin kwarkwasa kusa. Magani da waya da takardu su kwana a cikin mota. In ɗan gari ya ce maka nan ya fi, to nan ɗin ya fi.

Masu kwana a mota

Akwai Turawa masu ratsa Afirka da manyan motoci masu ɗaki a ciki, da gado da murhu, wasu kuma da tanti a kan rufi. Mun tarar da mata da miji guda da irin wannan mota a harabar da muka sauka. Abin da suka biya shi ne wurin ajiye mota da amfani da banɗaki. Wutarsu daga faifan sola take, ruwansu a tanki.

Mu 'yan kasuwa ba mu da irin waɗannan, amma muna da abin da ya kusa. Sprinter ko Urvan da aka cire wa kujerun baya, aka shimfiɗa katifa, ta ɗauki uwa da yara uku. A ɗaura gidan sauro daga ciki, a buɗe tagogi kaɗan. Kada a kunna inji a kwana da shi don sanyaya ɗaki, kada kuma a shigar da kurfoti mai wuta cikin mota ko cikin tanti. Hayaƙin gawayi a rufaffen wuri yana kashe mutum yana barci, ba ya ma farkawa.

Babbar mota mai tsawo ta tsaya a Abono, domin hanyoyin gefen tafki ƙanana ne, da ramuka da rassa. Bayan ruwan sama ƙaramar mota ma wahala take sha, sai mai jan ƙafa huɗu. Kada ka sa a ranka za ka zagaye tafkin gaba ɗaya da mota a bakin ruwa. Ka cika tanki tun daga sama, ka duba taya ta safiya da jak. Ka ajiye mota a ƙasa mai tauri, fuskarta na kallon mafita, ka sa dutse a taya. Wanke mota a bakin tafki kuwa, a bar shi sai an dawo gari.

Abinci, salla da sutura

Kifi shi ne abincin wurin, kuma ba shi da matsalar yanka. Karfasa ce ƙanana, ana soya su ƙayau a ci da dokunu ko banku da yaji. Nama kuwa ka zo da naka daga mahautan zango, a cikin kula da ƙanƙara. Miyar gidajen abinci sau da yawa akwai naman daji a ciki, ko wanda ba ka san yadda aka yanka ba, don haka a tambaya kafin a zuba. Mu mun tafi da ƙaramar tukunyar gas, da shinkafa, gari, mai, albasa, shito da kayan shayi. Agade da rogo da ayaba a wurin muka saya, sun fi na Kumasi arha.

Ruwan sha a zo da shi. Na tafkin ana alwala da shi, amma ban ba yarana su sha ba. Mutum bakwai, kwana biyu, jaka huɗu ta ruwan leda muka shanye, ban da jarka biyu na girki. Ledojin kuma mun tara su a buhu mun dawo da su.

Alƙibla daga wannan yanki gabas ce da ɗan karkata zuwa arewa. Ka daidaita ta tun da rana, domin duwatsun kan ɓoye fitowar rana da faɗuwarta, kuma duhu na saurin shiga jim kaɗan bayan ƙarfe 6. Ƙanena ya so ya yi ƙasaru, na tuna masa cewa malamanmu na Malikiyya sun ce sai tafiya ta kai kusan kilomita 80. Ɗan Kumasi zai cika sallarsa. Wanda ya taso daga Akra ko Tamale shi ne matafiyi.

Abin da ya fi damun uwargida tun farko shi ne sutura. Mun warware shi da igiya da zannuwa uku, muka kewaye gaban tantin mata, ya zama musu ɗan tsakar gida. A nan suka yi girki, a nan suka sha iska ba mayafi. Buta biyu da bokiti namu muka kai, ba mu dogara da na gidan ba. Wuta takan ɗauke kamar yadda muka saba da dumso, don haka fitilar caji da tocila ga kowane babba.

Yara da ruwa

Wannan ita ce maganar da ba na so a tsallake. Bakin tafkin yana yaudara. Ruwan a kwance yake, ba igiya, da ɗumi kamar an dafa, yaro yana ganin ƙasa a taku na farko da na biyu. Amma rami ne, a wasu wuraren zurfin yana zuwa ba zato. Akwai kuma kututturan itatuwa a tsaye cikin ruwa, waɗanda tafkin ya cinye lokacin da ya cika ya tura ƙauyuka suka matsa sama. An sha yin asarar rayuka a nan a ranakun hutu. Yaranmu na zango kuwa yawancinsu ba su iya iyo ba.

Dokar da muka kafa ita ce, ba wanda zai wuce gwiwa, kuma ba wanda zai taɓa ruwa sai babba na tsaye a kansa, ba ya riƙe da waya. In za a hau jirgin inji, a nemi rigar ceto ga kowa, har da jariri. In mai jirgi ya ce babu, a fasa. Padua kuma a bar wa masu ita. Babban ɗana ya roƙi wani masunci ya gwada a wurin da bai kai ƙugu ba, bai yi daƙiƙa biyar a kai ba ya kife.

Sauro akwai shi sosai, gidan sauro dole ne ko a cikin tanti. Mai ciwon da ke tashi ba sallama, kamar asma ko hawan jini ko mai tsohon ciki, ya sauka kusa da kwalta. Akwai asibitin gwamnati a Kuntanase, akwai St. Michael a Pramso kan hanyar komawa Kumasi, akwai kuma ƙaramin asibitin Methodist a Amakom da ke bakin tafkin. Lambar gaggawa a Ghana 112 ce. Da na san abin da na sani yanzu, da 'yata a tare da mu, da Abono zan fi kusanta ko in jira rani.

Zama da masu wuri

Ba mu yarda da abin da Asantawa suka yi imani da shi game da tafkin ba, su ma ba su nemi mu yarda ba. Abin da suke so kawai a girmama musu wurinsu. In aka ce yau ba a shiga ruwa a wannan ƙauye, ko kada a je wajen dutse kaza, to a bari. Kada a ɗauki hoton mutum ko wurin tsafinsu sai an tambaya. Kada yara su tsinki koko a gonar mutane, domin shi ne abincinsu na shekara. A gaida mutane, ko da "maakye" da "medaase" kaɗai aka iya. Kakanninmu da suka baro Salaga bayan yaƙin basasar 1892 suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da sauran garuruwa, da irin wannan ladabi suka samu filayen da muke kira zango a yau. Wani sarki ne ya ce musu ku sauka nan.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, hanya a bushe, sauro ya ragu, ko da yake hazo kan rufe ɗaya gefen tafkin. Watan Agusta ma ruwa kan ɗan tsagaita. Daga Afrilu zuwa Yuli, da Satumba zuwa Nuwamba, sai da shiri irin wanda na faɗa. A zaɓi tsakiyar mako in ana son shiru.

Na rufe shago kwana biyu, kuma na lissafa abin da na rasa, ɗan kasuwa ba ya barin lissafi. Amma safiya ta biyu bayan salla na zauna da 'ya'yana huɗu a kan tabarma guda muna kallon masunta suna fita a kan katakonsu, babban yana ba ni labarin abin da yake so ya karanta in ya gama sakandare. Ashe shekara biyu ke nan yana son ya gaya mini, bai samu lokacin da nake zaune ba.

Da muka dawo, Hajiya ta tambayi yadda aka yi. Autana ya ba ta labarin ruwan dare tun daga farko har ƙarshe, bai rage mini komai ba. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Madugun da bai san tudu ba." Yanzu haka sunan ya bi ni a gida. Uwargida kuwa ta riga ta ce in Allah Ya kai mu Janairu za a koma, kuma ita za ta zaɓi wurin kafa tanti.